Dogari Da Sarki: Tarihin Addu'a Da Warkarwa A Ƙasar Dagomba



A cikin Littafin Firistoci, sura 25, Allah ya umurci Isra'ila su keɓe kowace shekara ta hamsin. A busa ƙaho, a saki bawa, a mayar wa kowa gonarsa ta gado, gama ƙasar ta Allah ce, mutane aro aka ba su. Watau jubili lokaci ne na mayar da kaya ga mai shi. To, mu ma da mu ke bikin jubili, akwai kaya guda da ya wajaba mu mayar ga Mai shi. Kayan nan shi ne iko, musamman ikon warkar da marar lafiya.

Kowa a cikinmu ya san dogari. In ya tsaya a bakin kasuwa ya ce a watse, sai a watse. Ba tsoron damtsensa a ke yi ba, rigar sarki a ke gani a jikinsa. Ran da aka tuɓe masa rigar, ko yaro ba zai kauce masa ba. Tarihin da za mu ba ku ya nuna yadda masu bi a Tamale da kewayenta suka koyi cewa mai addu'a dogari ne kawai. Da hawaye aka koyi karatun nan, har wa yau kuwa ba mu sauke ba tukuna.

Ƙasar da Bishara ta tarar

Tamale ba babban gari ba ne a dā. Yendi ce gidan sarautar Dagomba, inda Ya Na ya ke zaune. Salaga kuwa ita ce babbar kasuwar goro, inda kakanninmu fatake daga Kano da Katsina su ke sauke kaya a kan hanyar Gwanja. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu cikin zangogi dabam dabam. A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke mazaunin mulkin Arewa daga Gambaga suka kawo Tamale. Daga nan garin ya soma cika, zango ya yi girma.

Cuta kuwa ba ta bar kowa ba. Zazzaɓi yana kwashe jarirai da damina. Sanƙarau ya kan zo da rani. Kurkunu ya kan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ta ke bukatarsa. Ga kuturta, ga makantar da ta kori mutane daga bakin koguna. A ƙarshen 1918 kuma babbar murar nan da ta game duniya ta iso Arewa, ta yi ɓarna ƙwarai.

Wanda ciwo ya kama yana da ƙofofi da yawa da zai buga. Akwai ɗan duba, wanda Dagomba su ke kira baga. Akwai tindana, mai kula da tsafin ƙasa. Akwai boka mai saiwa da ganye, waɗansu magungunansa kuwa suna aiki, kada mu yi musu. Akwai malam mai rubutun sha da laya. Da yawa cikinmu mun tashi da laya a wuya da guru a ƙugu, iyayenmu ne suka ɗaura mana saboda ƙauna da tsoro. Amma a yawancin ƙofofin nan ka'ida ɗaya ce: iko abu ne da a ke saye. Ka kawo kaza, ko akuya, ko kuɗi, a ba ka kariya daidai abin da ka biya. Ko a cikin maƙwabtanmu Musulmi an yi muhawara a kan wannan. Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariya a Tamale, ya rasu a 2004, ya yi shekaru yana wa'azi gāba da layu da duba.

Gwamnati ta gwada nata ƙarfi. A 1911 sojan Ingila suka hau duwatsun Tongo, can arewa kusa da Bolgatanga, suka kori mutane, suka rufe babbar matsafar da ke wurin. Mutane suka ci gaba da zuwa a ɓoye. Ba a yi shekara ashirin ba aka janye hanin, har masu neman taimako suka riƙa zuwa cikin motoci daga ƙasar Asante. Bindiga ta iya rufe kogo, amma tsoron da ke kai mutum kogon yana nan cikin zuciya.

Ƙofa ta buɗe, ta sāke rufewa

A 1910 wani likita na mishan ɗin Basel, Dokta Rudolf Fisch, ya zaga ƙasar Dagomba tare da abokan aikinsa, daga baya ya rubuta littafin nahawun harshen. A 1913 mishan ɗin ya buɗe tasha a Yendi, wadda ta ke hannun Jamus a lokacin. Yaƙin duniya na fari ya tashi, a 1916 aka rufe tashar. 'Yan mishan na Wesle su ma sun aiko mai bishara Tamale, amma Babban Kwamishina Armitage ya ƙuntata masa, a 1915 ya tashi. Waɗanda suka yi addu'a domin ƙasar nan a shekarun nan ba su ga amsa da idonsu ba.

Amsa ta zo ta wata hanyar da ba a zata ba, watau daga arewa. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret, Amurkawa na ikilisiyar Assemblies of God, waɗanda su ke aiki a ƙasar Moshi, suka ƙetaro iyaka suka sauka a Yendi da yardar Ya Na. Beulah Buchwalter da Guy Hickok suka zo suka tarar da su. Cikin 'yan shekaru aka buɗe tashoshi a Tamale da Walewale, a 1937 kuma aka buɗe ta Bawku. Shekara guda bayan saukarsu, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba yawancin ransa. Da haka mutumin zango mai karatun boko ya sami Maganar Allah da harshen da uwarsa ta yi masa magana.

Mutanen nan na Yendi sun gaskata da dukan zuciya cewa Yesu yana warkarwa yau kamar dā. Suna ɗora wa marasa lafiya hannu, suna shafa mai yadda wasiƙar Yaƙub, sura 5, ta koyar. Ba su karɓi kaza ba, ba su karɓi ko anini ba. Wannan kaɗai wa'azi ne a ƙasar da ta saba biya.

A cikin shekarar nan ta 1932 wani labari ya fito daga yamma, daga Jirapa, inda 'yan Katolika suka zauna tun 1929 suna wa'azi suna ba da magani. Fari ya tsananta. Dattawan wani gari mai suna Daffiama suka zo wurin Fada McCoy neman ruwa, aka shiga ɗakin sujada aka yi roƙo, ruwa ya sauko. Dubban mutanen Dagati suka soma koyon bangaskiya. Ko da ya ke ɗarikarmu dabam ce, muna yi wa Allah godiya, gama shi ne mai hadari.

Amma fa a Yendi an haƙa kabari. Guy Hickok, saurayi ne, bai daɗe a ƙasar ba ciwo ya ɗauke shi. Beulah Buchwalter ta rasu a 1942. Dukansu an yi musu addu'a da kuka, dukansu kuwa a ƙasar nan aka binne su. Ashe bangaskiyarsu ce ta gaza? Ko kaɗan. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi. Shi ne kuma ya bar abokinsa Tarofimas a Militas da rashin lafiya. Da iko na mai addu'a ne, da ba wanda zai mutu a gidan mishan. Ruwan Daffiama da kabarin Yendi daga hannun Sarki ɗaya suka fito. Dogari ya kan kai kuka gaban sarki, amma ba shi ya ke yanke hukunci ba.

Gardama a kan magani

Sa'ad da a ke wannan a Arewa, wata gardama ta tashi a kudu wadda ta shafe mu duka. A garin Asamankese akwai wani bawan Allah, Peter Anim. Ya daɗe yana fama da ciwon ciki da kurkunu. Ya karanta wata jarida ta masu bi daga birnin Filadalfiya ta Amurka, ya ba da gaskiya, a 1921 ya shaida cewa ya warke ta wurin addu'a kaɗai. Jama'a suka taru gare shi. Saboda abin da ya gani, shi da mutanensa suka kafa doka: mai bi ba ya shan magani kowane iri, na boka ko na likita.

Kada mu yi saurin yi musu dariya. Mutanen nan sun fito daga bautar tsafi, a wurinsu kuwa magani da tsafi tukunya ɗaya ce. Ko a bakinmu kalmar magani tana ɗauke da ma'ana biyu, akwai maganin tari, akwai maganin ƙarfe. Sun ji tsoro kada su koma abin da suka tofar.

A 1937 ikilisiyar Apostolic ta Ingila ta aiko musu James McKeown, mutumin Ailan ta Arewa. Bai yi wata nawa ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Di'o na yankin ya ɗauke shi ya kai shi asibiti a Ankara, babban birnin ƙasar, ya warke ya komo. Mutanen Anim suka ce ya karya bangaskiya. McKeown ya tsaya a kan cewa Allah yana warkarwa da addu'a, yana kuma warkarwa ta hannun likita. A 1939 suka rabu. Daga wajen Anim aka sami ikilisiyar Christ Apostolic, daga wajen McKeown kuma aka sami wadda ta ɗauki sunan Church of Pentecost a 1962. Dukansu biyu sun iso Arewa, muna sujada kusa da juna.

Me Littafi ya koya mana a kan wannan? Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi ciwon ajali ya yi kuka ga Allah, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun. Luka, wanda ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne. Wanda ya ce Allah ba shi da izinin warkarwa sai ta addu'a, ya kafa wa Sarki doka. Wanda ya ce sai ta allura kaɗai, shi ma ya kafa masa doka. Ba aikin dogari ba ne ya zaɓa wa sarki ƙofar da zai fito.

Hannu biyu

Iyayenmu cikin bangaskiya a Arewa suka kama aiki da hannu biyu. Bayan yaƙin duniya na biyu Assemblies of God suka buɗe ɗakunan magani a Saboba, cikin Konkomba, da Nakpanduri, a kan dutsen Gambaga. Mata masu jinya suka riƙa karɓar haihuwa, suna wanke gyambo, suna addu'a. Wajen 1950 aka kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Kumbungu, kusa da Tamale, domin 'yan ƙasa su ɗauki aikin. Mishan ɗin WEC ya zauna da kutare a Nkanchina, kusa da Kpandai, a zamanin da ko ɗan'uwa ba ya cin tuwo da kuturu. A 1958 'yan Baptis suka buɗe asibiti a Nalerigu da yardar Nayiri, sarkin Mamprusi, a hannun Dokta George Faile. Musulmi da mai tsafi da Kirista layi ɗaya su ke bi a ƙofarsa.

Lloyd Shirer kansa ya shiga aikin gwamnati na yaƙi da jahilci da raya ƙauyuka, har Dagomba suka naɗa shi Maligu Na, watau sarkin gyara. A 1970 kuma shugabancin Assemblies of God ya koma hannun ɗan ƙasa, Fasto Elijah Panka, mutumin Arewa. Baƙi suka tuɓe riga suka ba waɗansu, aikin bai tsaya ba, gama rigar ba tasu ba ce tun fari.

A zamaninmu mun ga wani misali a cikin Tamale. Dokta David Abdulai ɗan matalauta ne, mahaifinsa kuturu ne. Ya yi karatu ya zama likita mai fiɗa, ya zama mai bi a ɗarikar Katolika. A 1991 ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu, inda ba a karɓar kuɗi. Ya riƙa aika abinci ga masu taɓin hankali da ke yawo a titi, har mutane suka yi masa laƙabi da mahaukacin likita. Ya rasu a 2016. Sunan da ya ba asibitin, a harshen Ibraniyawa, yana nufin zaman Allah a tsakiyar mutanensa.

Ku tuna kuma da kurkunu, cutar da ta kama Peter Anim. A 1989 an ƙidaya wajen mutum 180,000 masu ita a Ghana, yankinmu kuwa ya fi ko'ina daɗewa da ita. A 2007 ta ɓarke a Savelugu, har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo ya ga yara suna kuka sa'ad da a ke jan tsutsar. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da masu aikin sa kai a ƙauyuka, aka ci ƙarfinta. Mutum na ƙarshe da ta kama an same shi a Diare a 2010, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Ghana ta rabu da ita. Kakanninmu sun roƙi Allah ya kawar da cutar nan. Ya amsa, da ƙyalle ya amsa. Wanda ya raina amsar domin ba ta zo da tsawa ba, bai san Mai amsawa ba.

Jarrabawar da ke gabanmu

Yanzu sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, gama jubili ba ranar yabon kai ba ce. Tsohuwar ka'idar nan, cewa iko abin saye ne, ta sāke shigowa, wannan karo da Littafi a hammata. Mun ga ana sayar da mai da ruwa da ƙyalle da sunan Yesu. Mun ga ana yanka wa marar lafiya kuɗi kafin a yi masa addu'a. Mun ga wanda ya tsinke laya daga wuyansa ya maye gurbinta da hoton wani mai wa'azi. A Samariya wani Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin su sayar masa da ikon Ruhu, Bitrus ya tsauta masa da zafi ƙwarai. A Afisa kuma 'ya'ya bakwai na wani babban firist suka ɗauki sunan Yesu kamar laya, ba su san shi ba, mai aljanin ya fatattake su tsirara da rauni. Wanda ya saci rigar dogari, ranar kunyarsa tana tafe.

Akwai wuraren addu'a a ƙasar nan inda aka ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a gindin itace, aka hana su abinci da magani. Ghana ta kafa dokar lafiyar hankali a 2012, a 2017 kuma hukuma ta hana ɗaurin. Abin kunya ne a ce sai da gwamnati ta tuna mana. Mutumin nan na cikin kaburbura a ƙasar Garasinawa, mutanen gari ne suka ɗaure shi. Yesu da ya zo, a zaune ya bar shi, saye da tufa, cikin hankalinsa.

Mafi nauyi duka shi ne zargin maita. A Gambaga, da Gnani kusa da Yendi, da Kukuo, da Kpatinga, akwai unguwannin da tsofaffin mata suka fake bayan an kore su daga gida. Bisa ga labarin da a ke bayarwa, wani limamin Gambaga ne ya fara ba irin matan nan mafaka, Allah ya sāka masa. Tun 1994 ikilisiyar Presbyterian ta ke aikin sulhunta su da danginsu domin su koma gida. A watan Yuli 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba, kusa da Salaga, da rana tsaka, jama'a suna kallo. Majalisar ƙasa ta amince da dokar hana irin zargin nan a 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Mu dai ba sai mun jira doka ba. Duk wanda ya tsaya a ɗakin sujada ya nuna wata gwauruwa ya ce ita ta ci yaron da sanƙarau ya kashe, ba Ruhu Mai Tsarki ne ya aiko shi ba. Ba mu ce Shaiɗan ba ya aiki ba. Amma Ubangiji bai taɓa warkar da wani ta wurin nuna maƙwabcinsa da yatsa ba.

Abin da za mu miƙa wa 'ya'yanmu

Wani jarumin Roma a Kafarnahum ya gane asirin nan tun kafin almajirai su gane. Shi mutum ne a ƙarƙashin na gaba da shi, saboda haka soja su ke jin maganarsa. Ya ga cewa Yesu yana da iko a kan cuta kamar yadda shi ya ke da iko a kan soja, ya ce kalma ɗaya ta isa. Yesu ya yi mamakin bangaskiyarsa. Iko na gaskiya yana tafiya da biyayya.

Saboda haka, in ɗayanmu ya kwanta, a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a da gaba gaɗi, gama Sarkin da ya aike mu yana da rai. A kai shi asibiti kuma, kada a jira dare. Kada a karɓi ko kwabo. Kada a ɗora wa kowa laifi. In ya tashi, a gode wa Allah a gaban jama'a, mai addu'a ya koma baya ya zauna. In kuwa Ubangiji ya kira shi gida, a binne shi da bege irin na waɗanda suka tsaya a bakin kabarin Hickok, suka share hawaye, suka koma bakin aiki da safe.

Da yawa cikinmu mun bar gida da dangi saboda sunan nan. Iyayenmu da ke zango suna dubanmu, su ga ko mun sāke boka ne kawai, ko kuwa mun sami Ubangiji. Allah ya ba mu tawali'u mu riƙe rigar da tsabta, har ran da za mu tuɓe ta a gaban Mai ita. Amin.